Share miliyoyin fayiloli daga folda guda a Linux

Mai_Sabar: Assalamu alaikum. Muna da sabar Linux mai tsarin fayil na ext4, kuma wata manhaja ta tara ƙananan fayiloli na wucin gadi har sun kai miliyoyi a folda guda. Umarnin rm * ya ƙi aiki, yana cewa jerin ya yi tsawo. Na rubuta ɗan shiri da C wanda yake kiran stat() don duba bayanan kowane fayil sannan unlink() don goge shi, amma tafiyar hawainiya yake yi. Ina ya kamata in gyara?

Injiniya_K: Wa alaikumus salam, Malam. Kiran stat() ɗin nan ne yake ninka maka aiki, domin readdir(), wadda take karanto sunayen da ke cikin folda, ta riga ta faɗa maka nau'in kowane abu a d_type, sai fa idan ta dawo da DT_UNKNOWN, wato ba ta san nau'in ba, to nan ne kawai za ka nemi ƙarin bayani. Ka buɗe foldar sau ɗaya, ka riƙa miƙa lambar da buɗewar ta ba ka (file descriptor) ga unlinkat(), mai goge fayil daga foldar da ke buɗe, wadda ta shigo Linux tun sigar 2.6.16 a 2006, ta yadda kernel, wato zuciyar Linux, ba zai sake bin dukkan hanyar fayil daga tushe a kowane kira ba. Ita folda kuwa ba ta gogewa sai ta zama fanko, sannan ka goge ta da unlinkat() tare da zaɓin AT_REMOVEDIR.

Hajiya_Unix: Ina ƙarawa da cewa ext4 ba ta jero sunaye bisa tsarin da inode, wato ma'ajin bayanan kowane fayil, suke kwance a faifai, shi ya sa faifai mai juyawa yake ta kai-komo. Ka tattara sunayen kashi-kashi, ka jera su bisa d_ino, wato lambar inode, kafin ka goge. Rm na GNU ma haka yake yi a manyan folda. Kada ka ɓata lokaci wajen raba aikin ga zare (threads) da yawa masu aiki lokaci guda, saboda kowace gogewa sai ta kulle foldar uwa. A ganina, abin da ya fi shi ne ka sauya wa foldar suna da rename(), ka ƙirƙiri sabuwa domin manhajar ta ci gaba, sannan ka share tsohuwar a hankali ƙarƙashin ionice, umarnin da ke rage wa aiki fifiko a kan faifai.

Mai_Sabar: Na gode ƙwarai, Hajiya, aikin ya yi sauri. Sai dai df, umarnin da ke nuna wurin da ya rage a faifai, bai nuna duk wurin ya dawo ba.

Injiniya_K: Suna kawai unlink() take cirewa, bayanan kuwa suna nan muddin wani shiri yana riƙe da fayil ɗin a buɗe. Ka duba da lsof +L1, wanda yake jero fayilolin da aka goge amma suke buɗe, ka sake tayar da shirin da ya fito a jerin.