Wani maraya ya shaƙu da ni, ga tafiyata ta matso

Salama, 'yan'uwa. Wata 5 ke nan ina aikin sa kai a wani gidan marayu na mishan a ƙasar waje, saura mako 3 bizata ta ƙare. Akwai yaro ɗan shekara 4 da ya manne mini. Tun ranar da ya ga akwatina a bakin gado ya daina cin abinci sai ni na ba shi a baki, ya koma fitsarin kwance, da dare kuma yana riƙe da gefen rigata har barci ya ɗauke shi.

Na gwada janye jiki a hankali, ina miƙa shi ga matar da ke kula da ɗakinsu dindindin, sai ya fara cizon sauran yara. Na zana masa kwanakin a takarda muna sokewa kullum, ya yayyaga ta. Fasto ya ce in fice da asuba ba sallama. Zuciyata ta ƙi, domin haka wadda na gada ta yi masa.

Waɗanda suka taɓa wannan aiki, yaya zan yi masa sallama ta yadda zai sake ya jingina ga mai kula da shi?