Wane hoto ya dace da ƙullutu a mama?

Likitocin hoto sun haɗu a kan cewa shekarun mace ne ke fara zaɓa mata na'ura. Wadda ba ta kai 30 ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa, sikanin (ultrasound, hoton da ake ɗauka da sauti) ya fi mata: ba ya amfani da radiyeshon, kuma yana bambance ƙullutun ruwa da mai tauri. Matsalarsa, ingancinsa na hannun mai riƙe da na'urar.

Daga 40 zuwa sama, mamogiram, wato hoton X-ray na mama, ne kan gaba. Ana matse mama tsakanin faranti biyu, a ɗauki hoto biyu kowane ɓangare, kuma shi ke kama ƙananan ɗigon kalsiyam da hannu ba ya ji, waɗanda kan iya zama alamar ciwon daji. Kada a shafa hoda ko turaren hammata ranar, domin suna iya fitowa kamar waɗannan ɗigon. Naman mama mai kauri kuma yakan ɓoye ciwon.

MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi su gani, amma ga tsada, ga allurar rini a jijiya, ga yawan nuna abin da ba daji ba. Sakamako in ya nuna mataki na 4 ko 5 a BI-RADS, ma'aunin da ke nuna yawan zargin daji a hoton mama, sai a ciro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji.