Wai me ya jawo juyin juya halin Kyuba ne?

Mai_Neman_Sani:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wai me ya haddasa juyin juya halin Kyuba na 1959? Abin da ya ɗaure min kai, ƙasar ba ta cikin matalautan yankin, Havana cike da otal-otal da manyan motoci, to me ya sa mutane suka bi Castro?

Ɗan_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ai arzikin a Havana ya tsaya malam. Ƙauye kuwa rake ne kawai, aikin yankansa bai wuce wata uku zuwa huɗu ba a shekara, sauran watannin har suna suka ba su wai mataccen lokaci, ba aiki ba kuɗi sai cin bashi, ga makaranta da asibiti sun yi nisa, ga gonaki masu kyau duk a hannun manyan masu ƙasa da kamfanonin Amurka irin su United Fruit. Wanda ke cikin wannan hali in ka ce masa za a raba gonaki ai ba sai ka roƙe shi ba.

Hajiya_Malama:
Gaskiya ne amma ni a ganina siyasa ce ta kunna wutar, don talaucin ai ya daɗe. Ranar 10 ga Maris 1952 tsohon shugaban ƙasa Janar Batista ya yi juyin mulki saura kamar wata uku a yi zaɓe, don ya ga ba zai ci ba, ya jingine tsarin mulkin 1940. Castro lauya ne fa a lokacin, takarar majalisa yake nema, har kotu ya kai ƙara aka yi watsi da ita. Da aka toshe wannan hanyar ne ya kai hari barikin Moncada ranar 26 ga Yuli 1953, harin bai yi nasara ba aka ɗaure shi, aka sake shi 1955, ya tafi Meziko ya dawo a jirgin ruwa Granma a Disamba 1956 su 82.

Mai_Neman_Sani:
To Hajiya mutum 82 ta yaya za su kayar da gwamnati mai sojoji?

Hajiya_Malama:
Ba su kaɗai ba ne ɗan uwa, kuma wannan ne ake yawan mantawa. A birane ɗalibai sun kai hari fadar shugaban ƙasa a Maris 1957, shugabansu Echeverría ya mutu a ranar, sannan 'yan sanda suka harbe Frank País, wani jagoran 'yan ƙungiyar Castro, a birnin Santiago a Yuli, garin kaf ya fito jana'izarsa. Azabtarwa da kisan matasa su suka sa har likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa suka juya wa Batista baya, abin da ban tausayi wallahi. Ga cin hanci, ga gidajen caca na su Meyer Lansky, 'yan Mafiyar Amurka. Sojan ma zuciyarsa ta mutu, balle da Amurka ta daina ba su makamai a Maris 1958.

Ɗan_Tarihi:
Ƙari kaɗan, akwai haushin Amurka tun dokar Platt ta 1901 da ta ba ta ikon tsoma baki a harkar Kyuba. Kuma yawancin waɗanda suka yi murna da Batista ya gudu ranar 1 ga Janairu 1959 zaɓe da tsarin mulki suke jira a dawo musu da su, maganar gurguzu sai a Afrilu 1961 Castro ya furta ta a fili.