Neman shawara: wasan da zan haƙa rafi in ga ruwa na gudu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yini nake a shago ina fama da lissafi da masu cin bashi, in dawo gida kaina kamar ya fashe. Ƙanena ya saka min wasan harbe-harbe a waya wai in riƙa hucewa, sai ga shi in na ajiye wayar gabana na ta faɗuwa, barci ya ƙi zuwa. Abin da nake so daban ne. Muna yara, da an ɗauke ruwan sama sai mu fita lungu mu tare kwata da laka, ruwa ya taru har idon sawu, sannan mu fasa da babban yatsa mu bi jirgin karanmu da gudu. To irin wannan nake nema: in tara ƙasa, in haƙa hanya, ruwa ya bi. Ba abokin gaba, ba agogo. Ina da Android da wata tsohuwar laptop.

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam. Yallaɓai kafin ka kashe ko sisi, buɗe Sandspiel a burauza, kyauta ne. Da yatsa za ka zuba yashi, ka gina bango, ka sako ruwa, ka yafa iri ya tsiro. Hotonsa ɗigo-ɗigo ne, amma ruwan na neman gangare yadda ya kamata. A laptop kuma akwai The Powder Toy, shi ma kyauta.

Malamin jogarafi: Ɗan uwa, abin da ka kwatanta From Dust ne sak. Ubisoft suka fitar da shi a 2011, wani Bafaranshe, Éric Chahi, ya tsara shi. Kana zuƙo yashi ya dunƙule a sama, ka kai shi inda kake so ka sake. Daɗin abin shi ne ruwan yana cin ƙasa: ka tare kogi da yashi, kana kallo zai zaizaye gefe ya buɗe wa kansa sabuwar hanya, ya kwashe yashin ya jibge can ƙasa. In kana son katanga mai ƙarko sai ka ɗebo narkakken dutse, in ya huce ya daskare. Da shi na taɓa nuna wa ɗalibai yadda zaizaya ke faruwa. Sai dai fa akwai matakan da igiyar teku ke tahowa a kan lokaci, kuma labarin ƙabilar cikinsa akwai 'yan tsafe-tsafe. Ni dai ƙasar nake kallo.

Maman 'yan biyu: Mai tambaya ya ce ba ya son agogo, kun kawo masa ambaliya. Yayana, nemi Terra Nil, na wani kamfanin Afirka ta Kudu, Free Lives, 2023. Za a ba ka ƙasa ta mutu murus. Ka kafa injin iska a kan dutse, ka tsabtace ƙasar, ka sa famfo a busasshen rafi, sai ka ga ruwa ya cika shi, gefensa ya yi kore shar. A ƙarshe ka kwashe duk injinanka ka tafi, ka bar wa namun daji wurin. Lokacin da ya fito a waya a 2023, sai kana da rajistar Netflix, wannan ce matsalar.

Ɗan Kura: Ba wanda zai ambaci Timberborn? Dabbobin nan masu sare bishiya da haƙori su datse rafi, su kake ja-gora. Ka gina dam, ka tara ruwa kafin fari, ka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake sako mana na dam ɗin Tiga da rani.

Maman 'yan biyu: In farin ya yi tsawo dabbobin mutuwa suke da ƙishirwa. Wannan hutu ne?

Ɗan Kura: Hajiya ai ana iya rage tsawon farin tun kafin a fara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙanen nawa ya ce Minecraft fa?

Mai gyaran waya: Don gini ya yi, amma ruwansa ba zai gamsar da kai ba. A fili bulo bakwai yake tafiya daga tushensa ya tsaya, tushen kuma ba ya ƙarewa, kuma ba ya cin gaɓa. Babu wannan fashewar da kake nema.

Mai tambaya: Na gane. Na buɗe Sandspiel ɗin tun bayan isha'i, na gina dam uku na fasa biyu, caji ya koma kashi 9. Malam, in an kawo wuta zan turo maka bayanin laptop ɗin ka duba min ko za ta ɗauki From Dust.