Kwana biyu a Dutsen Shere da gurmi da jita: wa ya taɓa yi?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar mutanen Jos nake nema, da duk wanda ya taɓa kwana a kan dutse.

Ni makaɗin jita ne a Kano, abincina a gidajen biki yake. Shekara biyu ke nan duk daren Laraba muna haɗuwa a shagon wani abokina tela, ni da mai gurmi da mai kalangu, muna gwada auren kiɗan gargajiya da na zamani. Abin da ya ishe mu shi ne hayaniya. A cikin gari ba a jin gurmi sai an sa masa lasifika, in an sa kuma janareton maƙwabci ya shiga yi mana amshi. Shi ne muka ce bari mu kai kiɗan nan inda babu mai katse shi. Mun tsayar da Dutsen Shere da ke kusa da Jos, ƙarshen Disamba, kwana biyu: da rana hawan dutse, da dare kiɗa a bakin wuta. Mu goma sha huɗu ne, huɗu daga ciki iyalanmu.

Bara mun gwada a wani tsauni kusa da gida, muka sha kunya. Wanda ya ba mu hayar janareto har rantsuwa ya yi sabo ne dal. Ƙarfe tara ya yi tari biyu ya mutu. Muka kwana a duhu, sauro ya yi mana nasa kiɗan har asuba.

To, me zan yi da maganar wutar lantarki? Wa ake neman izini a wajensa? Tantin hayar da ake kafawa a biki zai yi? Sannan ina so mu samu makaɗi ɗan ƙasar ya shigo cikinmu, don ban ga amfanin mu ɗauko kiɗan Kano mu kai wa dutse mu dawo da shi yadda muka kai ba.

Tsohon Man O' War ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. A Jos aka haife ni, kuma na hau Shere ban san sau nawa ba, tun muna samari ana kai mu horo makarantar gwamnatin tarayya da ke gindin dutsen, wadda ake ce wa Mountain School. Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, don shi zai kora ku gida kafin kiɗan ya yi daɗi.

Sanyi. Kai Bakano ne, kana ganin ka san hunturu. Ba ka san shi ba. Garin Jos kansa yana wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829. A Disamba da Janairu cikin gari ma akan sauko digiri 11 ko ƙasa da haka da dare, balle can sama inda babu katangar da za ta tare maka iska. Rumfar biki ka manta da ita, iskar ƙarfe biyun dare za ta ɗauke ta ku tashi kuna nemanta a gonar mutane. Ƙananan tantuna masu zik za ku nema, na mutum biyu ko uku. Kuma sanyin da ke kwantar da mutum ba ta sama yake zuwa ba, ta ƙasa ne. Dutse yana zuƙe ɗumin jiki. Kowa ya zo da 'yar katifa ko kwali mai kauri ya shimfiɗa kafin bargo. Na ga ƙato ya lulluɓa da bargo uku a kan tabarma tsura, da safe haƙoransa na karo.

Kada ku kafa tanti a ƙoli. Ku nemi kwari tsakanin manyan duwatsu a ƙasa-ƙasa, ku kwana nan, da safe ku hau saman da 'yar jaka kawai. Wasu wuraren sai an sa hannu da gwiwa, saboda haka silifas da takalmin zuwa biki su zauna a mota.

Izini kuwa ba abin wasa ba ne. Dutsen yana wajen kilomita 10 gabas da gari, ta hanyar Lamingo, amma ba dajin Allah ba ne. Ƙasar Afizere ce, waɗanda ku kuke kira Jarawa, suna da gonaki da wuraren da ba a shiga. Ka zo mako biyu kafin ranar, ka gai da mai unguwa da ɗan goronsa, ka gaya masa ku nawa ne, za ku yi kiɗa, ƙarfe nawa za ku daina. Shi zai haɗa ka da matasa biyu su yi muku jagora, kuma ka biya su da kyau. Ka sanar da 'yan sanda mafi kusa. Kowa ya san halin da Filato ke shiga lokaci zuwa lokaci. Baƙi goma sha huɗu da fitilu a kan dutse tsakar dare ba tare da sanin kowa ba, neman fitina ne. In mutanen wurin suka ce a ɗaga, ku ɗaga, ba gardama.

Abu biyu na ƙarshe. Ciyawa a lokacin ta bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa, don haka ku share fili ku kewaye wutar da duwatsu, ku kashe ta da ruwa ba da ƙasa kawai ba. Sannan duk kududdufin da kuka gani mai ruwa shar a Filato, kada wani ya ce zai yi iyo. Da yawansu tsoffin ramukan kuza ne, bakinsu a tsaye yake, sun ci mutane ba kaɗan ba.

Mai Haɗa Sauti ya amsa:

Malam Ɗan Kurna, ka bar janareto a Kano. Ka gudu daga ƙararsa kuma za ka ɗauko shi a ka? Batir mai caji guda da ƙaramar lasifika sun ishe ku, su ma don gurmi da murya kawai. Kalangu ba ya buƙatar taimakon kowa a tsakanin duwatsu. Ka sa wa makirfo soso, in ba haka ba iska kaɗai za ka naɗa.

Inda nake so ka natsu shi ne wajen makaɗin ƙasar. Afizere sarewa ce tasu, ita suke busawa a rawar Asharuwa. Birom kuma suna da kundung, katakai a jere da ƙahonin shanu a ƙarƙashi, ana buga su da sanduna. Duka biyun ba a murɗa musu komai. Yadda aka sassaƙa su haka muryarsu take. Kai ne mai kunnuwan jita shida da za ka iya murɗawa, mai gurmi zai iya matsa tsirkiyarsa, mai kalangu yana matse nasa a hammata. Saboda haka ku za ku bi shi, ba shi zai bi ku ba. Na taɓa zama wajen gwaji inda mai jita ya kafe da na'urar saiti a waya yana cewa mai sarewa ya kauce. Bai kauce ba, ma'auninsa ne daban. Kashe wayar, ka saurari sautinsa na ƙasa, ka daidaita tsirkiyarka da kunne. Kuma ka rage cika hannu da tsirkiya shida a lokaci guda, ka riƙa tsinkar ɗaya ɗaya kamar mai molo, sai ka ji sun zauna tare.

Raɓa tana saukar da fatar kalangu da ta gurmi, a kanga su nesa kaɗan da wuta su dawo. Jitarka kuma ta kwana cikin jakarta, bushewar hunturu tana tsaga katako.

Maman Walida ta amsa:

Duk kun yi ta maganar kiɗa, ba wanda ya tambayi matan nan huɗu. Yaya Ɗan Kurna, ina za su kewaya? A tanadi wuri da labule tun da rana, ba sai dare ya yi a ba su tocila a ce su yi can ba. Ruwa kuma ku lissafa aƙalla lita huɗu ga kowane mutum a yini, ban da na girki, sannan ku tuna a ka za a hau da shi. Ku cika fulas biyu da ruwan zafi kafin ku kwanta. Wanda ya taɓa alwalar asuba da ruwan jarka a Jos cikin Disamba ya san dalilina.

Kada ku ɗauko buhun shinkafa daga Kano. Ku sayi dankalin Turawa da kabeji a nan, ku roƙi wata daga ƙauyen ta dafa muku gwaten acca ku biya ta. Ledojinku kuma ku sauko da abinku.

Ɗan Abzin ya amsa:

Gaisuwa daga Agadas. Mu nan a duwatsun Abzin jita da tsauni tsoffin abokai ne, matasa kan fita bayan gari da jita da butar shayi su kwana. Ganga ma ba dole ba ce, jarkar da ruwanta ya ƙare ita ake bugawa, sauran jama'a su yi tafi. Shawarata ɗaya: kada ku tsara waƙoƙi kamar na biki, wannan na bin wannan. Ku bar shiru a tsakani, a zuba shayi. In kun gama da Shere ku zo ku ga dutsen Bagzan, ya haura mita 2,000.

Ɗan Kurna ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri. Baba Tsohon Man O' War, na karanta wa mutanena maganar kwali, mai kalangu ya ce shi dama ya san ba zai dawo da rai ba. Asabar mai zuwa zan taso da sassafe in wuce dajin Falgore da rana, in Allah Ya yarda in ga mai unguwa kafin la'asar. Na soke janareto. Malam Mai Haɗa Sauti, maganarka ta ɗan sosa ni, domin wannan mai kafewa da waya ni ne sak. Daren jiya na kashe ta na bi gurmi da kunne, abokina tela ya ɗago daga keke ya ce yau me ya same ni. Hajiya Maman Walida, uwargida ta ce in gaya miki ta gode, kuma ta karɓe lissafin ruwa daga hannuna.

Saura tantuna. Guda uku muka samu, muna neman uku. Akwai wanda ya san inda ake ba da haya a Jos, ko sai na bi 'yan gwanjo?