Ƙanina ɗan sanda ya ƙi bin odar ogansa, yana da gaskiya a doka?

Manomin Riɗi:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin doka da waɗanda suka taɓa saka kaki ku ba ni shawara, kwana uku kenan ba wanda ya runtsa a gidanmu. Mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Gagarawa. Ƙanina kurtun ɗan sanda ne, shekararsa 4 a aiki, ba zan faɗi inda yake ba. Ran Laraba wani ɗan kasuwa ya kai ƙara wai ya ba wani yaro kuɗin riɗi buhu 6 tun kaka, yaron bai kawo kaya ba ya gudu Legas, shine oga yace su je su ɗauko uban a ajiye shi bayan kanta har ɗan ya dawo. Da suka je sun tarar da tsoho a zaure yana tufkar igiya, ido ɗaya ma ba ya gani sosai, ya miƙe da kyar yana laluben takalminsa yana cewa ku bari in sallami iyali. Ƙanina yace min a nan jikinsa ya mutu, ya koma mota ya ce wa saje shi ba zai sa hannu ba, tsohon nan bai ci kuɗin kowa ba. Sauran suka taho da shi. Yanzu yaron namu yana gadirum ance za a yi masa odili rum, wato shari'ar ladabtarwa ta cikin gida, kan ƙin bin umarni, ga matarsa da goyon wata 4. Baba yace bin na gaba bin Allah ne, ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ni zuciyata ta ƙi yarda. Shin doka tana bayansa ko mun shiga uku?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam. Ɗana ni shekara 27 na yi a soja, zan faɗa maka abin da na sani ko da ba daɗi. Tun daga defo a Zariya abin da ake fara cusa maka shine ka bi oda tukuna, ƙorafi daga baya, kuma akwai dalili, in kowane kurtu zai tsaya a tsakiyar aiki yana auna wace oda ta yi masa wace ba ta yi ba wallahi duka za a kashe ku. Ka tuna 2014, watan Disamba kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram a Borno, su kuma suna cewa ba a ba su kayan aiki ba, sai a ƙarshen 2015 aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10. To ka ga ƙin oda ba wasa ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce, ko a dokar soja odar da aka ce laifi ne ka ƙi ta ita ce wadda ba ta saɓa doka ba. A tura ka fagen daga daban, a ce ka kamo tsoho saboda bashin ɗansa daban. Shawarata ya riƙe ladabinsa, kar ya ɗaga murya, kar ya zagi kowa, ya ƙame ya sara ya ce yallaɓai ina neman a rubuta min odar a takarda. Yawanci a nan maganar ke mutuwa, ba mai son sa hannunsa.

Lauya daga Kano:
Baba Saje Allah ya ƙara girma, ka faɗi rabi bari in ƙarasa. Malam ƙaninka yana da gaskiya, kuma a rubuce take. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 36 ta ce ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi, uba ne ko mata ko ɗan'uwa. Sashe na 32 kuma ya hana kama mutum kan zallar bashi ko saɓa alkawarin ciniki. In ma an ce yaron cuta ya yi to shi za a nema ba mahaifinsa ba. Tsarin mulki na 1999 sashe na 35 ya kare 'yancin kowa daga tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma in akwai kotu cikin kilomita 40 kwana ɗaya aka ba su su kai mutum gaban alƙali. Sashe na 1 ya ce tsarin mulkin yana sama da kowa, har da DPO, har da kwamishina.

Abin da nake so ƙananan ma'aikata su gane, ranar da abu ya ɓaci "oga ne ya sa ni" ba ta fitar da kai. Ku duba maganar mutum shida da 'yan sanda suka kashe a Apo, Abuja a 2005, shekara kusan 12 ana shari'a, a watan Maris 2017 kotu ta yanke wa ƙanana biyu hukuncin kisa ta sallami uku, ciki har da mataimakin kwamishina. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ma ƙarara ta ce umarnin na sama ba hujja ba ne, kuma ɗaurin yana kaiwa shekara 25. Da tsohon nan zai faɗi a sel Allah ya kiyaye, sunan waɗanda suka ɗauko shi ne a littafi. Ba zan ɓoye maka ba, za su iya takura masa, su jefa shi wani lungu da sunan taransifa. Ya rubuta komai yanzu tun bai manta ba, rana, lokaci, wa ya ce me, in hukuncin odili rum bai yi masa adalci ba yana da damar ɗaukaka ƙara.

Almajirin Tsangaya:
Ku gaida Baba da girmamawa amma a tuna masa hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya naɗa wa wata runduna shugaba, shugaban ya yi fushi ya sa suka hura wuta ya ce su shiga, suka tsaya suna kallon juna suka ƙi. Da labari ya isa ga Annabi sai ya ce da sun shiga da ba za su fita ba, biyayya a cikin abin da yake daidai ne kawai. Kuma Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Yaron nan kar a sa shi neman gafarar abin da ba zunubi ba.

Maman Yara:
Ni dai tun ɗazu nake karantawa kowa na ta maganar kurtu, tsohon fa?? Yana ina yanzu, wa ke kai masa abinci, yana shan magani? Mu mata mun san wannan abin, miji ya gudu a zo a tafi da ke da goyo a baya, a garinmu an yi wa maƙwabciyata haka sai da aka sayar da akuyarta aka yi beli alhali ance beli kyauta ne. Dan Allah ku nemi dagaci ko hakimi ya sa baki yau ɗin nan.

Manomin Riɗi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Maman Yara kin yi gaskiya kunya ta kama ni, na kira na tambaya, tsohon yana ciki har yanzu, jikarsa ke kai masa kunu safe da yamma. Na karanta wa Baba maganar malam, ya yi shiru ya daɗe sannan yace in kai shi gidan dagaci bayan la'asar. Lauya dan Allah in za mu je ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam a Dutse ran Litinin, takarda ɗaya za mu rubuta ko ta tsohon daban ta ƙanina daban?