Me za mu kira "filigree" da Hausa?

1/ Akwai wani nau'in ɗan kunne ko abin wuya na zinare da in ka ɗaga shi sama kana hango haske ta cikinsa, duk jikinsa 'yan siraran wayoyi ne a nannaɗe kamar gidan gizo-gizo. Turawa na kiran wannan aiki "filigree". Na jima ina neman sunan da zai zauna masa daram a bakin Bahaushe, ga inda na tsaya.

2/ Asalin kalmar daga Latin ne: "filum" zare, "granum" ƙwaya. Zare da ƙwaya ke nan. Aikin kuwa tsoho ne tukuf, don an tono irinsa a kaburburan sarakunan Ur, a ƙasar Iraƙi ta yau, tun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Har gobe ana yin sa da hannu a Gondomar ta Fotugal, da Cuttack ta Indiya, inda suka fi amfani da azurfa.

3/ Kafin a raɗa suna sai a ga jariri. Maƙeri yakan narka zinare, ya mai da shi ɗan sanda, sannan ya riƙa jan sa ta ramukan wani farantin ƙarfe, kowane rami ya fi na baya ƙanƙanta. In wayar ta fara tauri sai ya gasa ta ta yi laushi, ya ci gaba da ja. Zinare na da haƙurin ja ƙwarai da gaske: giram 1 kacal ana iya miƙe shi ya wuce kilomita 2. Daga nan sai ya haɗa waya biyu ya murɗa su tare, ya danne su su yi faɗi, gefensu ya fito da 'yan haƙora masu kama haske. Da ɗan hantsaki yake nannaɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana cusawa cikin wata waya mai kauri da ta zama ƙashin bayan adon. Sai liƙi. A nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo, domin zinare tsantsa na narkewa a digiri 1,064, abin liƙin kuma an gauraya shi ne don ya riga wayar narkewa. Wuta ta ɗan zarce, aikin kwanaki ya dunƙule ya koma ɗigo.

4/ To, sunaye. "Zaren zinare" ya fara zo mini, na ajiye shi. Kayan aiki ya ambata, bai ambaci aikin ba.

5/ "Saƙar zinare" ya fi daɗin ji, na kuma san da yawa shi za su zaɓa. Amma a saƙa zare kan bi ta saman wani ya bi ta ƙarƙashinsa, su riƙe juna. A nan wayoyin kwance suke gefe da gefe, wuta ce ta haɗa su. Ga shi kuma akwai sarƙoƙin da saƙa su ake yi da gaske, bai kamata a ƙwace musu suna ba. "Surfanin zinare" kuwa, duk wanda ya ji tufafi zai tuna.

6/ Ni dai "tufkar zinare" na zaɓa. Tufka ai murɗa sili biyu ne su zama igiya ɗaya, abin da maƙerin ke yi wa wayarsa ke nan da zarar ya gama jan ta. Kalmar na karɓar kowane ƙarfe: tufkar azurfa, tufkar tagulla. In ana nufin fasahar baki ɗaya sai a ce "ƙirar tufka". Gwada ta a jimla: zoben karat 22 ne, an kewaye yaƙutunsa da tufka. Ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

7/ Raunin da na gani ɗaya ne: ta ɗauki zaren ta bar ƙwayar. Waɗannan 'yan ƙwayoyin zinare da ake jerawa a mahaɗar wayoyi sana'a ce mai zaman kanta, wadda mutanen Etruriya na tsohuwar Italiya suka yi fice a kai, suna yin wasu ƙanana kamar ƙura. Na so in ce musu "yayyafi", sai dai jera su ake yi da lissafi, ba watsawa ba. Wanda ke da kalmar da ta fi, ya ajiye ta a nan ƙasa.